Karl Landsteiner: likitan da ya gano dalilin da ya sa jinin wani ke iya kashe wani

A ranar 14 ga watan Yunin kowace shekara ake bikin ranar masu ba da gudummawar jini ta duniya. An zaɓi wannan rana ce saboda ita ce ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan nan ɗan ƙasar Austriya wanda a shekara ta 1901 ya gano cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne. Ya shafe fiye da shekaru 40 yana bin diddigin abin da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule ko su fashe, kuma gwaje-gwajen da ake yi a asibitoci a yau kafin a ƙara wa majinyaci jini da bayan an ƙara masa, a kan wannan aiki nasa aka gina su.

Maraya a hannun uwa

An haifi Landsteiner a shekara ta 1868 a ƙasar Austriya, lokacin da birnin Vienna ke cikin manyan cibiyoyin koyar da aikin likita a nahiyar Turai. Mahaifinsa, Leopold Landsteiner, fitaccen ɗan jarida ne da ya yi karatun shari'a, amma ya mutu yaron na da shekaru shida. Tun daga lokacin ragamar tarbiyyarsa ta koma hannun mahaifiyarsa, wadda ya shaƙu da ita ƙwarai. Bayan mutuwarta a shekara ta 1908 ya rataye siffar fuskarta a bangon ɗakinsa, kuma tana nan har ƙarshen rayuwarsa. Iyayensa Yahudawa ne, amma shi ya koma addinin Kirista, ɗariƙar Katolika, a shekara ta 1890.

Ya kammala karatun likita a jami'ar Vienna a shekara ta 1891. Maimakon ya shiga duba marasa lafiya kamar yadda yawancin abokan karatunsa suka yi, sai ya tafi neman ilmin haɗa sinadarai a biranen Zurich da Würzburg da Munich, inda ya zauna a ƙarƙashin manyan malaman fannin, ciki har da Emil Fischer. Wannan horo ne ya koya masa auna komai daidai da maimaita gwaji har sai shakku ya kau, ɗabi'ar da aka san shi da ita daga baya.

A shekara ta 1896 ya sami aiki a cibiyar nazarin tsabta da cututtuka ta Vienna a ƙarƙashin Max von Gruber, kafin ya koma sashen nazarin illar cututtuka a jikin ɗan Adam, wanda Anton Weichselbaum ke shugabanta. A cikin shekaru goma da ya yi a wannan sashe ya binciki gawawwaki fiye da 3,000 domin gano musabbabin mutuwarsu. Binciken jini kuwa a ɗan lokacin da ya rage masa yake yin sa.

Matsalar da ta gagari likitoci

Tun kafin zamaninsa likitoci ke ƙoƙarin ceto rai ta hanyar ƙarin jini. A shekara ta 1667 wani likita a birnin Paris, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa wani mutum jinin ɗan maraƙi. Mutumin ya kama zufa da amai da ciwon baya, sannan ya yi fitsari baƙi ƙirin. Ba a jima ba ya mutu, hukumomin Faransa kuma suka haramta wannan aiki. A shekara ta 1818 wani likitan mata a birnin London, James Blundell, ya fara amfani da jinin mutum, daga baya kuma ya gwada shi a kan matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Wasu sun rayu, wasu sun mutu, kuma babu wanda ya iya faɗin dalili.

A shekara ta 1875 wani masani Bajamushe, Leonard Landois, ya nuna cewa idan aka haɗa jajayen ƙwayoyin jinin wata dabba da ruwan jinin dabba ta wani jinsi, ƙwayoyin kan dunƙule, daga baya su fashe. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa jinin dabba ke kashe mutum. Amma tambayar da ta rage ita ce, me ya sa jinin mutum ɗan'uwansa ma ke yin wannan ɓarna a wasu lokuta? Yawancin likitocin lokacin sun ɗauka cewa jinin masu ƙoshin lafiya duk iri ɗaya ne, saboda haka suka ɗora laifin dunƙulewar a kan cuta. A ƙarshen ƙarni na 19 likitoci da dama sun riga sun haƙura da ƙarin jini, sun koma ɗura wa majinyata ruwan gishiri.

Rukuni uku, sannan na huɗu

A shekara ta 1900, a wani ɗan ƙarin bayani da ya sanya a ƙasan wata maƙala tasa, Landsteiner ya ambaci cewa ruwan jinin mutum mai ƙoshin lafiya kan dunƙule ƙwayoyin jinin wani mutum shi ma mai ƙoshin lafiya. A shekarar da ta biyo baya ya ɗibi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba ƙwayoyin da ruwan jinin kowane, sannan ya riƙa haɗa ruwan wannan da ƙwayoyin wancan, yana rubuta sakamakon a jadawali.

Abin da ya gani yana da tsari. Ruwan jinin mutum ba ya taɓa dunƙule ƙwayoyin mai shi. Sauran kuwa sun kasu kashi uku, waɗanda ya kira A da B da C, daga baya aka sauya sunan na ukun zuwa O. A bayan jajayen ƙwayoyin jini akwai wata alama, ko dai A ko B. Mai alamar A na ɗauke da sinadarin kariya da ke yaƙar B a cikin ruwan jininsa, mai alamar B kuma na ɗauke da mai yaƙar A. Mai rukunin O ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin biyu, amma yana da sinadaran da ke yaƙar dukkansu. A shekara ta 1902 abokan aikinsa biyu, Alfred von Decastello da Adriano Sturli, suka gano rukuni na huɗu, mai ɗauke da alamomin biyu, wanda ake kira AB a yau.

Duk da cewa ya nuna amfanin wannan bincike ga aikin ƙarin jini, shekaru sun wuce ba tare da likitoci sun mayar da hankali a kai ba. Sai a shekara ta 1907 Reuben Ottenberg, a birnin New York, ya fara gwada dacewar jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a yi ƙarin. Akwai kuma wani cikas, domin jini kan daskare da zarar ya bar jijiya. A shekarun 1914 da 1915 aka gano cewa sinadarin sitiret na hana daskarewar, abin da ya ba da damar adana jini a kwalba. A fagen yaƙin duniya na ɗaya ne aka fara ganin amfanin haɗa waɗannan bincike biyu, inda aka ceto sojojin da a da zubar jini ke hallaka su.

Baƙin fitsari da shan inna

Landsteiner bai tsaya jiran yabo ba. A shekara ta 1904, tare da wani likita mai suna Julius Donath, ya binciki wata cuta da ke sa mutum yin jan fitsari ko baƙi bayan sanyi ya buge shi. Sun gano cewa a cikin jinin irin waɗannan majinyata akwai wani sinadarin kariya da ke manne wa jajayen ƙwayoyin mai shi idan jinin ya yi sanyi, sannan ya haddasa fashewarsu idan jinin ya sake ɗumi. Wannan na cikin hujjojin farko da aka samu cewa garkuwar jikin mutum na iya juyowa ta yaƙi mai ita. Har yanzu gwajin da ake gano wannan cuta da shi na ɗauke da sunayen mutanen biyu.

Ya kuma yi aiki a kan ciwon tunjere, inda shi da Viktor Mucha suka fito da hanyar ganin ƙwayar cutar a madubin likita. A shekara ta 1908, bayan ya zama mai binciken gawa a asibitin Wilhelminen na Vienna, aka kawo gawar wani yaro ɗan shekara tara da cutar shan inna ta kashe. Shi da Erwin Popper suka niƙa wani yanki na lakar bayan yaron suka yi wa birai biyu allura da shi. Biran suka kamu, kuma aka ga illa a lakarsu irin wadda ake gani a jikin yara. Da yake ba su ga wata ƙwayar bakteriya ba, sai suka yanke hukuncin cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa cutar. Wannan shi ne matakin farko na doguwar tafiyar da ta kai ga samun allurar rigakafin shan inna a shekara ta 1955.

Yunwa ta kore shi daga gida

Ya yi aure a shekara ta 1916, aka haifa masa ɗa guda a shekarar da ta biyo baya. Sai dai bayan ƙarshen yaƙi a shekara ta 1918 daular Austriya da Hangari ta wargaje, darajar kuɗi ta faɗi, abinci da makamashi suka yi ƙaranci a Vienna. Albashin likita bai isa ciyar da iyali ba, balle sayen dabbobi da kayan gwaji. A shekara ta 1919, yana da shekaru 51, ya tattara iyalinsa ya koma ƙasar Holland, inda ya sami aiki a wani ƙaramin asibitin 'yan Katolika da ke birnin Hague.

Mutumin da ya gano rukunonin jini da musabbabin shan inna ya koma yin awon fitsari da jini na yau da kullum a cikin ɗaki guda. Duk da haka bai daina bincike ba. A wannan lokaci ne, a shekara ta 1921, ya raɗa wa wasu ƙananan sinadarai suna haften, daga wata kalmar Girkanci da ke nufin kamawa ko mannewa. Ya nuna cewa irin waɗannan sinadarai su kaɗai ba sa tayar da garkuwar jiki, amma idan suka manne wa furotin sai jiki ya ƙera musu sinadarin kariya na musamman, wanda ke iya bambance su da wasu sinadaran masu kama da su sosai. Masana da dama na ganin wannan aiki, wanda ya ci gaba da shi har ƙarshen rayuwarsa, shi ne ya mayar da nazarin garkuwar jiki kimiyya da ake iya aunawa.

A shekara ta 1922 Simon Flexner, shugaban cibiyar binciken lafiya ta Rockefeller da ke New York, ya gayyace shi Amurka. Ya isa da iyalinsa a shekara ta 1923, ya kuma zama ɗan ƙasar a shekara ta 1929. A can ne, tare da Philip Levine, ya gano ƙarin alamomin jini da aka kira M da N da P a shekara ta 1927, waɗanda daga baya kotuna suka riƙa amfani da su a shari'o'in jayayya kan uban yaro. A shekara ta 1930, shekaru 29 bayan maƙalarsa ta rukunonin jini, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci.

Alamar Rh

Ko bayan da aka fara tantance rukunin A da B da O, an ci gaba da samun majinyatan da jikinsu ke ƙin jinin da aka ƙara musu. Akwai kuma jariran da ake haifa da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, wasu ma su mutu a ciki, sau da yawa uwa ɗaya ta rasa 'ya'ya a jere bayan na farko ya zo lafiya.

A shekara ta 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka ba da rahoton cewa sun yi wa zomaye allurar jinin wani nau'in biri da ake kira resus, kuma sinadarin kariyar da zomayen suka samar ya dunƙule jinin kusan kashi 85 cikin 100 na fararen fatar New York da aka gwada. Suka kira wannan alama Rh. Levine, wanda a shekara ta 1939 ya riga ya ba da rahoton wata mata da jikinta ya ƙi jinin mijinta bayan ta haifi ɗa babu rai, shi ne ya bayyana yadda abin ke faruwa: idan uwa ba ta da alamar amma jaririn ya gaje ta daga uba, jikin uwar kan ƙera sinadarin da ke ratsa mahaifa ya farfasa ƙwayoyin jinin jaririn a ciki na gaba. Daga baya an gano cewa alamar da ke jikin birin ta ɗan bambanta da ta ɗan Adam, sai aka sa mata suna LW domin girmama Landsteiner da Wiener. Tun daga shekara ta 1968 ake da allurar da ake yi wa irin waɗannan iyaye mata domin kare 'ya'yansu.

Yadda ake gane cewa jini na fashewa

Aikin Landsteiner ya bayyana abin da ke sa ƙwayoyin jini fashewa. Amma likita na buƙatar hanyar da zai tabbatar cewa fashewar na faruwa a jikin majinyacin da ke gabansa, tun kafin fitsari ya yi baƙi ko ƙoda ta tsaya. Ɗaya daga cikin amsoshin ta fito ne daga birnin Paris a ƙarshen rayuwarsa, ba kuma daga hannunsa ba. A shekara ta 1938 masana biyu Faransawa, Michel Polonovski da Max-Fernand Jayle, suka gano wani furotin a cikin ruwan jini da ke kama himogilobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin ƙwayoyin jini. Suka kira shi haptogilobin, daga kalmar Girkancin nan da Landsteiner ya samo sunan haften.

Hanta ce ke ƙera haptogilobin. Muddin himogilobin na cikin ƙwayar jini ba ya cutarwa, amma idan ƙwayar ta fashe ya zube cikin ruwan jini, yana iya lalata ƙoda da bangon jijiyoyi. Haptogilobin kan kama shi nan take, sannan wasu ƙwayoyin share datti da ke hanta da saifa su haɗiye su tare. Da yake haptogilobin ɗin ba ya dawowa cikin jini bayan an haɗiye shi, idan fashewar ta yi yawa sai ya riƙa ƙarewa da sauri fiye da yadda hanta ke iya maye gurbinsa. Saboda haka ƙarancinsa a cikin jini alama ce ta cewa ƙwayoyi na fashewa.

A jikin babba mai ƙoshin lafiya, yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar kimanin miligiram 30 zuwa 200 a cikin kowane mililita 100 na ruwan jini a matsayin daidai. Likitoci kan nemi a yi wannan gwaji idan suna zargin jinin da aka ƙara wa mutum bai dace da nasa ba, ko garkuwar jikinsa na yaƙar ƙwayoyinsa, ko wani magani na farfasa su. Haka kuma yakan yi ƙasa sosai a jikin masu amosanin jini, wato sikila, da masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai ba a dogara da shi shi kaɗai, domin ciwon hanta ma kan rage shi, jarirai sabbin haihuwa ba su da shi da yawa, yayin da kumburi ko wata cuta a jiki ke ɗaga shi har ya ɓoye fashewar da ke gudana. Shi ya sa ake haɗa shi da awon yawan jini da na sinadarin da ke jawo shawara.

Wannan furotin ya ƙara tabbatar da ra'ayin da Landsteiner ya gina laccarsa ta Nobel a kai, cewa jinin kowane mutum na da bambanci da na wani. A shekara ta 1955 Oliver Smithies ya nuna a birnin Toronto cewa haptogilobin ma iri uku ne da ake gado daga iyaye. A shekara ta 1958 kuma Anthony Allison da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a cikin jinin 'yan Nijeriya da suka gwada, akwai kaso mai yawa da ba a ga haptogilobin ba sam. Binciken da ya biyo baya a ƙasashen Afirka ya danganta yawancin irin wannan rashi da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke farfasa ƙwayoyin jini a kai a kai.

Mutuwa a bakin aiki

Waɗanda suka yi aiki da Landsteiner sun san shi a matsayin mutum mai tsananin kamewa, wanda ba ya son taro ko 'yan jarida, duk da cewa ɗan ɗan jarida ne. Ba ya amincewa da sakamakon gwaji sai ya maimaita shi da hannunsa. Gwani ne wajen kaɗa fiyano, amma kusan dukkan lokacinsa a ɗakin gwaji yake ƙarewa. Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da lokacin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta mamaye ƙasarsa ta haihuwa a shekara ta 1938, ta kuma kori likitoci da malamai masu asalin Yahudawa daga jami'ar da ta horar da shi.

Ya yi ritaya a hukumance a shekara ta 1939, amma ya ci gaba da zuwa aiki kullum. Ran 24 ga watan Yuni na shekara ta 1943 ciwon zuciya ya buge shi a ɗakin gwajinsa, yana riƙe da ɗan bututun gilashin da ake auna ruwa da shi. Ya mutu bayan kwana biyu, yana da shekaru 75. Matarsa ta bi shi a ƙarshen wannan shekara. Ya bar maƙalolin kimiyya sama da 300.

A shekara ta 1997 ƙasar Austriya, wadda talauci ya raba shi da ita, ta sanya hotonsa a kan takardar kuɗinta ta shilin 1,000, wadda aka yi amfani da ita har zuwa lokacin da kuɗin yuro ya maye gurbinta a shekara ta 2002. A shekara ta 2004 aka fara bikin ranar masu ba da jini ta duniya a ranar haihuwarsa. A yau an san tsarin rukunonin jini fiye da 40, ana kuma tara ledar jini sama da miliyan 100 a duniya kowace shekara, kuma ƙa'idar aikin likita ita ce ba a ɗaura wa majinyaci ko ɗaya daga ciki sai an tantance rukuninta a kan tsarin da ya fito daga jadawalinsa na shekara ta 1901.